Hukuncin Ajiye Kifin Ado A Akwatin Gilashi, Da Yadda Ake Sauke Haƙƙinsa

TAMBAYA:

Ina zaune da iyalina a Tudun Wadan Zariya. Kwanaki ɗana ya sayo wasu ƙananan kifaye masu launi a cikin leda, muka juye su a kwalba muna ba su garin biredi, kwana uku duk suka mutu. Yanzu yara sun matsa in saya musu akwatin gilashi irin wanda ake ajiyewa a falo. Gwaggona ta ce tsare kifi a gilashi zalunci ne, haramun ne. Shi kuma mai sayarwa ya ce ajiye shi yana jawo arziki gida. Mene ne hukunci? Akwai zunubin waɗanda suka mutu a kaina? In ya halatta, yaya zan yi kada a maimaita?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

To ɗan'uwa, ajiye kifi a gida don ado ko don nishaɗin yara halas ne, da sharaɗin a ba shi abin da rayuwarsa take buƙata. Jawabin da zai biyo baya ya haɗa da 'yan'uwa mata, tunda a mafi yawan gidaje kula da irin wannan abu a hannunsu yake komawa.

Asalin abubuwan duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani. A Suratun Nahli aya ta 14 Allah Ya ambaci hore mana kogi cikin ni'imominSa, domin mu ci ɗanyen nama daga gare shi mu kuma fitar da kayan ado. Dalilin da ya fi kusa da mas'alarka shi ne hadisin Anas ɗan Malik (RA) wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya san da haka bai hana ba, da tsuntsun ya mutu ma sai ya riƙa tambayar yaron labarinsa yana lallashinsa. Alhafiz Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa malamai sun ciro fa'idodi masu yawa daga wannan hadisi, daga ciki akwai halaccin tsare tsuntsu a keji da kashe kuɗi wajen abin da yaro zai yi wasa da shi na halas. Kifi a gilashi ɗan'uwan tsuntsu ne a keji.

Amma kada ka yi saurin watsar da maganar Gwaggo, domin tana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci da ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba, har ta mutu. Ka lura, abin da aka kama ta da shi shi ne tsarewa tare da tozartawa. Duk wanda ya raba wata halitta da inda take neman abincinta, ya ɗora wa kansa ciyar da ita da kare ta. Kifi kuwa ya fi kyanwa rauni a hannun mai shi. Kyanwa tana kuka a ji ta, tana iya tsallake katanga. Kifi ba ya kuka, kuma ruwan da ka zuba masa shi ne iskarsa, shi ne ɗakinsa, shi ne kuma bayan gidansa.

Game da waɗanda suka mutu: ba ku yi nufin cutar da su ba, ba ku san yadda ake yi ba, kuma Allah Ya ɗauke wa wannan al'umma laifin kuskure da mantuwa, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara da aya ta 5 a Suratul Ahzab suke nunawa. Babu kaffara a kanka. Sai dai uzurin jahilci ba ya ɗorewa bayan an sani. Wanda ya ga kwalba ta kashe kifi, ya koma ya sayo wasu ya zuba a kwalbar, wannan sakaci ne, kuma ana jin tsoron zunubi a kansa.

Maganar mai sayarwa

Wannan ita ce mafi haɗari a cikin tambayarka, domin ta taɓa aƙida. Cewa kifi a falo yana jawo arziki ko yana kore kambun baka camfi ne da ya taso daga al'adun ƙasar Sin, inda wasu ke ƙirga adadin kifin da launinsa da kusurwar da za a ajiye akwatin, suna jiran dukiya ta shigo. Daga can 'yan kasuwa suka kwaso maganar domin kaya su tafi. Arziki na Allah ne. Wanda ya ƙudurce cewa kifin da kansa yana kawo amfani ko yana tunkuɗe sharri ya faɗa babban shirka. Wanda ya ɗauke shi sababi ne kawai, ya riƙi abin da shari'a ba ta sanya shi sababi ba, hankali ma bai tabbatar ba, kuma malamai suna lissafa wannan cikin ƙaramin shirka. In za ka saya, saya domin kyan halittar Allah da farin cikin yara, ka kuma faɗa wa mai sayarwar gaskiya cikin ladabi.

Haka nan ka duba kayan ƙawa da ake jefawa a ciki. A cikin waɗanda ake shigowa da su akwai mutum-mutumi, har da gunkin Buda. Ka bar su a shago. Duwatsu da tsirrai da guntun tukunyar ƙasa da aka wanke sun wadatar, kifi ma ya fi samun maɓoya a cikinsu.

Sannan ka auna aljihunka. Wanda kuɗin makarantar yara ko cefanen gida ko bashi yake wuyansa, ba ya halatta ya tauye wajibi domin abin sha'awa, kuma Suratul Isra'i aya ta 26 da 27 sun yi kakkausan gargaɗi kan almubazzaranci.

Akwati da wurin ajiye shi

Mai farawa yakan ɗauka ƙaramin mazubi ya fi sauƙi. Akasin haka ne. Ruwa kaɗan yana saurin gurɓata, yana saurin zafi, yana saurin sanyi. Ka nemi akwati mai cin aƙalla lita 60, misali tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, wato kusan jarka biyu da rabi ta 'yan garuwa mai lita 25. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka da gilashi da tsakuwa nauyin zai doshi kilo 80. Yana son teburi mai ƙarfi da ba ya rawa, a shimfiɗa soso ko kwali mai kauri a ƙarƙashinsa, a wurin da yaro mai rarrafe ba zai janyo shi ba. Kada ka ajiye shi a bakin taga: rana tana dafa ruwan, tana kuma cika gilashin da gansakuka. Ka yi masa murfi saboda ƙurar hunturu, da kyanwa, da kifin da ke tsalle.

Kayan da ba makawa su ne matacin ruwa, famfon iska, ma'aunin zafi, tsakuwar da aka wanke, tiyo, da bokiti guda wanda ba a taɓa sa masa sabulu ko omo ba kuma ba za a sa ba. Matacin da ya fi dacewa da mu shi ne na soso wanda famfon iska ke tafiyar da shi: yana da araha, wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, kuma akwai famfunan da ke aiki da batir ko da ma'ajin cajin waya.

Ruwa, da haƙurin mako shida

Nan ne mafi yawan kifaye suke mutuwa, don haka ka karanta wannan sashe a tsanake.

Ruwan famfo ana sa masa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga mutum, guba ce ga kifi. A ɗebi ruwan a bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin zai fita. Wanda ya fi tabbas shi ne a ɗiga maganin cire kulorin da masu sayar da kayan kifi ke ajiyewa, domin akwai nau'in da ajiyewa kaɗai ba ta fitar da shi. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma yakan fito da ƙarancin iska, sai a bar shi ya kwana. Rijiyar da take kusa da shadda, abin da ba baƙo ba ne a unguwanni masu cunkoso, ka guje ta. In ruwan ɗan garuwa ne, ka tambaye shi inda ya ɗebo, ka kuma tsaya a kan tushe ɗaya, domin sauya ruwa kwatsam yana girgiza kifi.

Abin da ya kashe kifin kwalbarku kuwa, mafi rinjaye, ba yunwa ba ce. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe shi yake zama. A Kogin Galma ko Kubanni ruwa yana tafiya da shi. A kwalba kuwa yana taruwa ya ƙone inda kifin yake numfashi, alhali ruwan a ido garau yake. Allah cikin hikimarSa Ya halicci wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda suke mayar da amoniya wani sinadari mai suna naitirait, shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma sauya ruwa yana rage shi. Waɗannan ƙwayoyi a jikin soson mataci da tsakuwa suke zama, kuma sabon akwati ba shi da isassu. Sai sun ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita.

Saboda haka ka haɗa akwati, ka cika ruwa, ka kunna mataci, ka bar shi babu kifi ko ɗaya. Kowane kwana biyu ka jefa ɗan abincin kifi gwargwadon abin da yatsu biyu za su ɗauka, domin ya ruɓe ya ciyar da ƙwayoyin. Ruwan zai iya yin fari-fari a makon farko, kada ka zubar, zai washe. In kana da wanda akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, ka roƙi guntun soson matacinsa ka kawo shi a jiƙe ka haɗa da naka. Wannan daidai yake da yadda mata ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara domin ta yi kindirmo, kuma yana rage jiran sosai. Akwai kayan gwajin ruwa masu canza launi: ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifiri, naitiret ya bayyana, akwati ya nuna. In ba ka samu kayan gwajin ba, ka cika mako shida.

Yara za su dame ka da tambayar yaushe kifi zai zo. Ka gaya musu ana gina masa gida ne, su ma su koyi cewa ba a kawo baƙo sai an share ɗaki.

Waɗanne kifaye ne suke zama tare

Ana son masu sanyin hali, masu kusan girma ɗaya, masu son zafin ruwa ɗaya, tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ga mai farawa babu kamar gufi, da filati, da zebra daniyo mai ratsi-ratsi. Gufi asalinsa daga arewa maso gabashin Amurka ta Kudu ne, kuma an kai shi ƙasashe da dama saboda yana cin tsutsar sauro. Shi da filati haihuwa suke yi, ba ƙwai suke sakawa ba, kusan kowane wata, don haka ko dai ka ajiye maza zalla, ko ka tanadi wanda za ka ba 'ya'yan. In za ka haɗa, mace biyu ga namiji ɗaya, don kada ya gajiyar da guda. Zebra daniyo a garke yake rayuwa, shida zuwa sama, kuma ya fi sauran jure sanyi. A lita 60 kada jimillarsu ta wuce goma zuwa sha biyu, kuma kada ka zuba su rana ɗaya: ka fara da huɗu zuwa shida, bayan mako biyu ka ƙara kaɗan.

Akwai waɗanda za a tallata maka da bai kamata ka karɓa ba. Jan kifin nan da ake kira golfish, wanda mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara dubu da suka wuce, yana kai santimita 15 zuwa 20, yana wuce shekara goma a raye in an kula da shi, yana da yawan kashi, kuma ya fi son ruwa mai sanyi. Zaman da ake sa shi a ƙaramar kwalba azaba ce. Namijin beta mai dogon jela ba ya haƙuri da ɗan'uwansa namiji, za su yi ta faɗa har ɗaya ya halaka, kuma malamai sun hana haɗa dabbobi faɗa, balle in caca ta shiga. Ɗan tarwaɗa da ɗan karfasa da yara ke kamowa a rafi suna da ban sha'awa suna ƙanana, amma tarwaɗa tana haɗiye duk abin da ya shiga bakinta, karfasa kuma tana tone tsakuwa tana korar kowa. Waɗannan na kududdufin kiwo ne.

Abin mamaki, wasu daga cikin kifayen da ake ji da su a shagunan Turai da Amurka 'yan ƙasar nan ne, kamar kiribensis mai jan ciki daga kudancin Najeriya, da kifin nan mai dogon baki kamar hancin giwa da ake samu a Kogin Neja. Na biyun yana da wuyar sha'ani, ba na mai farawa ba ne.

Wajen saye, ka tsaya ka kalla. Kada ka ɗauka daga akwatin da mataccen kifi yake ciki, ko wanda kifinsa ke da fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. In ka iso gida ka ɗora ledar a rufe a kan ruwan akwati minti 15 zuwa 20 domin zafinsu ya daidaita, ka ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe kifin da raga. Ruwan leda kada ya shiga.

Cinikin kansa ingantacce ne. Hanin da ka ji na sayar da kifi a cikin ruwa yana magana ne kan wanda yake kogi ko babban tafki, wanda mai sayarwa bai mallake shi ba ko ba zai iya miƙa shi ba. Wanda ake gani a gilashi, ake kama shi da raga nan take, babu garari a cikinsa.

Abin da ya keɓanci Zariya

Abu uku ne: hunturu, bazara, da ɗauke wuta. A Disamba da Janairu daren Zariya yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma sanyin dare da zafin rana suna raunana kifi har cutar fararen ɗigo ta kama shi. Hita mai wat 50 zuwa 75 mai kashe kanta ta isa lita 60. In babu wuta, ka lulluɓe akwatin da bargo tun magariba. A Maris da Afrilu kuwa matsalar zafi ce, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. In ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta yi kaɗan: ka ɗaga murfi ka sa raga, ka juya fanka ta bi ta saman ruwan. Kada ka jefa ƙanƙara.

In wuta ta daɗe ba ta dawo ba kuma babu famfon batir, ka dakatar da abinci, ka riƙa ɗibar ruwan akwatin da kofi kana zubo shi daga sama lokaci-lokaci. Wanda yake da sola ya haɗa famfon iska a kai, ya huta.

Sai maganin sauro. Feshin da muke yi da daddare, da fiya-fiya, ɗan kaɗan daga cikinsu yana kashe kifi ƙaf. Kafin a yi feshi a kashe famfon iska, a rufe akwatin da leda da zane ruf, kada a buɗe sai iska ta wanke ɗakin. Wanda ya fi shi ne akwatin ya kasance a ɗakin da ba a feshi. Hannun da ya taɓa sabulu ko man shafawa ko turare a ɗauraye shi sosai kafin ya shiga ruwan, kuma a cire wayar hita daga soket tukuna.

Abinci da aikin mako

A ba su abincin kifi na gwangwani sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye a minti biyu. Biredi da tuwo da shinkafa ɓata ruwa suke yi. Ka naɗa mutum ɗaya mai ciyarwa, domin in kowane yaro ya wuce ya barbaɗa, tausayi ne zai kashe su. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo daga ƙasan tsakuwa, kimanin lita 15, ka mayar da wanda ya kwana. Cika abin da ya ƙafe a hunturu ba ya maye gurbin wannan, domin ruwa ne ya tashi, dattin yana nan. Kada ka taɓa zubar da ruwan gaba ɗaya ka wanke akwati tas, kada kuma ka wanke soson mataci a famfo: ka matse shi a cikin tsohon ruwan da ka zuƙe, in ba haka ba ka kashe ƙwayoyin da ka jira mako shida. Tsohon ruwan a ba shuka, taki ne.

In tafiya ta kama ka, lafiyayyen babban kifi yana jure kwana uku zuwa biyar babu abinci. Wadda ta fi haka, kamar Umara ko Hajji, wajibi ne ka wakilta wani, ka ƙulla masa abincin kowace rana daban-daban a takarda.

Tsarki da sauran hukunce-hukunce

Mushen kifi mai tsarki ne, saboda hadisin Abu Huraira (RA) da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, wanda ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Don haka kifin da ya mutu a akwati ba ya najastar da ruwan, sai dai a gaggauta cire shi saboda lafiyar sauran. Kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne a mazhabar Malikiyya da Hanbaliyya, saboda haka in ruwan ya fantsama a tufafinka ko darduma, ka yi sallarka. Alwala da shi kuwa, in abincin da ake zubawa ko magani ya canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, a wurin Malikiyya ba a ɗauke hadasi da shi. Canjin gansakukar da ta tsiro a cikinsa ba ya cutarwa. Ko ma dai yaya, ka nemi wani ruwan ya fi maka lafiya.

Babu zakka a kifin da aka ajiye don ado. Mai sayar da su ne zai ƙimanta su cikin kayan kasuwancinsa. Cin su asalinsa halas ne, amma wanda aka taɓa sa wa magungunan akwati, irin shuɗi da koren nan, kada a ci.

Kifin da ya kamu da cuta a ware shi a wani mazubi mai iska, a nemi shawarar likitan dabbobi, kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. In ta tabbata ba zai tashi ba kuma yana shan wahala, ya halatta a hutar da shi ta hanya mafi sauƙi, saboda umarnin kyautatawa ko a wajen kisa da ya zo a hadisin Shaddad ɗan Aus (RA) a Sahihu Muslim. Masana suna amfani da man kanumfari, wanda yake sa shi barci kafin ya mutu. Kada a jefa shi masai ko kwata da ransa. Ranar da kuka gaji da kiwon, ka ba wanda zai iya ko ka mayar wa mai shago. Sakin baƙon kifi a rafi ko dam ba sadaka ba ce: ko dai ya mutu, ko ya yaɗu ya cutar da kifin da masunta suke ci da shi.

Allah ne Mafi sani.